Hoto kamar na gaske ko salon zane?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka sayi kwamfuta mai ƙarfi a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, saboda wasannin bidiyo da hotonsu ke kama da gaske, ko masu salon zane sun wadatar. Ni dai ina bayan salon zane. Hoton da ke kwaikwayon zahiri saurin tsufa gare shi. Fuskokin da suka burge mu zamanin na'urar wasa ta PlayStation 2, yau kamar gumaka suke. Wasan Minecraft kuwa, mai salon zane, tun fitowarsa ta 2011 yake da hotonsa na tubala, kuma an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Ga matsalar wuta a Legas: na'urar da ke lissafin haske da inuwa tana shan lantarki sosai, man janareta kuma daga aljihunka. A wasan ƙwallo kaɗai nake son gane fuskar kowane ɗan wasa.