Likita, An Hana Ni Alkama, To Me Zan Ci?

Tambayoyin wannan makon duk sun karkata ne kan gulutin, wato sinadarin nan mai danƙo da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rayi. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi, burodi ya tashi. Ga mafi yawan mutane ba shi da wata illa, amma ga mai cutar siliyak, wato ciwon hanjin da cin gulutin ke tayarwa, ko kaɗan ne yana yi masa ɓarna.

Tambaya: Likita, bayan na daɗe ina fama da ciwon ciki da ƙarancin jini, an yi mini gwaji an ce cutar siliyak ce, in bar alkama har abada. Ni kuwa mai son girki ce, alkubus da funkaso da gurasa su ne gwanintata. Yanzu ko kicin ba na sha'awar shiga. Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Damuwarki tana kan hanya, domin raba mutum da abincin da ya tashi da shi ba ƙaramin abu ba ne. Amma fara da sanin abin da ke faruwa a cikinki. Bangon ƙaramin hanji yana da wasu 'yan tsirarrakin tsoka masu kama da gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci. Idan mai siliyak ya ci gulutin, garkuwar jikinsa sai ta far wa hanjin, tsirarrakin su lafe, abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya amfana ba. Daga nan ƙarancin jininki ya samo asali. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, kuma kada wani ya ce miki cutar Turawa ce: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, wato 'yan Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu sama da kashi 5 cikin 100 suna ɗauke da alamarta a jini. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama. Ya lura yaran da yake kula da su sun samu sauƙi a yunwar da aka yi a Holan daga 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Har yau maganinta shi ne barin gulutin ɗungurungum.

Yanzu mu koma kicin. Ke kin fi baturiya sa'a nesa ba kusa ba, don ita kusan komai nata alkama ne. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, doya, rogo, dankali, wake, gyaɗa, waken suya, babu gulutin ko ɗaya a cikinsu. Tuwon shinkafa da miyar taushe, tuwon dawa da miyar kuka, sinasir, waina, dambu, fate, ƙosai, alala, awara, koko, kunun gyaɗa, fura da nono, sakwara, duk naki ne muddin ba a surka su da fulawa ba. Abin da za ki yi sallama da shi: burodi, gurasa, alkubus, funkaso, alkaki, dubulan, cincin, fanke, kek, biskit, taliya kowace iri, makaroni, kuskus, da kuma semo, wanda mutane da yawa ba su san daga alkama ake yin sa ba.

Mai hannu irin naki ba za ta rasa dabara ba. Tun kafin fulawa ta cika kasuwa, da garin wake da garin rogo da kuka da kanwa ake yin ɗanwake, kuma kukar ce ke riƙe shi. Koma wa wannan. Idan kina son kek, haɗa garin shinkafa da ɗan sitacin rogo ko na masara, ki ƙara ƙwai fiye da yadda kika saba, tunda ƙwan ne zai yi aikin riƙon da gulutin ke yi. Kwaɓin zai fi ruwa, kuma ba zai yi yauƙi ba, kada wannan ya tsorata ki. Acca kuwa idan aka turara ta da kyau, ta maye gurbin kuskus har da ƙari. Alkubus na gaskiya dai ba zai samu ba, ba zan ruɗe ki ba, amma waina mai laushi da miyar taushe ba ta bar wa alkubus komai ba. Ki kuma tuna wa likitanki maganar ƙarin jini da ƙarfin ƙashi, sannan a gwada 'ya'yanki da waɗanda kuke ciki ɗaya, domin kusan 1 cikin 10 na dangi na kusa kan kasance da ita.

Tambaya: Duk lokacin da na ci burodi sai cikina ya kumbura. Na bari da kaina, kuma na ji dama. Sai na je gwaji ne, ko in ci gaba a haka? Daga wani malamin makaranta a Jos.

Amsa: Malam, je ka yi gwajin, amma akwai sharaɗi. Gwajin jini na siliyak yana neman sojojin garkuwar da jiki ke fitarwa ne idan ana cin gulutin. Wanda ya daina ci, sakamakon na iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan. Don haka akan so mutum ya koma cin alkama kullum na kimanin mako 6 kafin a ɗebi jini, kuma idan ya nuna alama, a zura 'yar kyamara ta baki a ɗauko ɗan yankin hanji a duba. Wannan shiri ne da za ka yi tare da likita. Ina matsa maka ne saboda kumburin ciki yana da dalilai da yawa, daga gyambon ciki zuwa tsutsar ciki zuwa hanji mai saurin motsuwa. Akwai kuma masu rashin jituwa da alkama ba tare da hanjinsu ya lalace ba. Su ragewa kan ishe su, mai siliyak kuwa ko ɓurɓushi bai kamata ya ci ba.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 7 an ce yana da siliyak. Mun hana shi burodi da taliya, amma har yanzu gudawa ba ta tsaya ba, kuma ba ya ƙiba. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, a irin wannan yanayi abin da na fi zargi shi ne gulutin yana shiga ta wata kafar da ba ku lura ba. Ma'aunin da duniya ta amince da shi kafin a kira abinci marar gulutin shi ne kada gulutin da ke cikinsa ya wuce miligiram 20 a cikin kilo guda. Kin ga ba sai an ci gutsuren burodi ba.

Fara da injin niƙa. Idan wadda ke gabanki a layi alkama ta kai, garinki na dawa ko gero zai kwaso sauran nata. Nemi mai injin da ba ya niƙa alkama, ko ki roƙe shi ya fara zuba ɗan hatsinki ya wanke injin, a ware wannan na farko ga sauran mutanen gida. Ƙaramin injin gida ko turmi ya fi kwanciyar hankali. Sai man suya: kaskon da aka soya fanke ko cincin, kada a soya masa ƙosai ko dankali a ciki. Ware masa rariya da muciya da ludayinsa. Ɗanwaken sayarwa yawanci da fulawa ake yi yanzu, wasu masu waina ma kan zuba kaɗan. Lemon malt da garin shayi mai malt galibi da sha'ir ake yin su. Wasu dunƙulen ɗanɗano na miya suna da garin alkama, don haka karanta kwalin. A kayan da ke kasuwarku za ki ga blé, orge ko seigle da Faransanci, wato alkama, sha'ir ko rayi, a na Najeriya kuma wheat, barley ko malt. Daddawarmu ta kalwa ba ta da wannan matsala. Kada ki manta da makaranta: yaro ɗan shekara 7 ba zai iya ƙin biskit ɗin abokinsa ba sai an fahimtar da shi, an kuma sanar da malaminsa, an cika masa jaka da abin da yake so.

Wani lokacin hanjin da ya ji rauni ba ya iya narkar da madara na ɗan lokaci, wannan ma kan sa gudawa. Yara sukan fara murmurewa cikin makonni idan an toshe duk ƙofofin. Idan kin yi haka babu canji, ki mayar da shi asibiti, kada ki jira.

Tambaya: An ce barin gulutin yana rage ƙiba. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: A'a, 'yata. Wanda ya bar kek da cincin da fanke zai iya ramewa, amma sukari da man da ya rage ne suka yi aikin. Biskit ɗin da aka rubuta wa marar gulutin sau da yawa ya fi tsada, kuma sukarinsa bai gaza na sauran ba.

Tambaya: Aikina na yawan tafiya ne, ga bukukuwa, ga shi ina shirin zuwa Umara. Ina jin nauyin in riƙa yi wa mutane tambayoyi a kan abincinsu. Daga wani ma'aikaci a Abuja.

Amsa: Alhaji, wannan kunyar ita ce babbar matsalar marasa lafiyarmu, kuma na fahimce ta, domin a al'adarmu mayar da abincin da aka kawo maka kamar raini ne. Amma mai ciwon sukari yana cewa a ba shi shayi babu sukari, babu wanda ke ganin laifinsa. Kai ma ka ce, "Likita ya hana ni duk abin da aka yi da fulawa ko alkama." Wannan ya fi saurin shiga kunne fiye da ambaton gulutin. Idan gidan 'yan'uwa ne, ka sa uwargida ta sanar da matan gidan tun kafin ranar, su ne ke da tukunya.

A gidan abinci, zaɓi abin da idonka ke iya gane kayan haɗinsa: farar shinkafa da miya, sakwara, tuwon shinkafa, gasasshen kifi ko nama, dafaffen ƙwai. Idan an ce tuwo, tambayi ko na semo ne. Kaza ko kifin da aka soya da ɓawo mai ƙaras-ƙaras an turbuɗa shi a fulawa. Soyayyiyar shinkafa irin ta 'yan Sin ana zuba mata baƙin romon waken suya, shi kuma yawancinsa da alkama ake haɗa shi. Wajen mai tsire, ka ce kada a ɗora maka naman a inda ake gasa gurasa, kuma ka tambayi abin da ke cikin yajin. Idan ka je a lokacin da babu cunkoso, mai girkin zai fi sauraronka.

Game da Umara, manyan kamfanonin jiragen sama suna ba da abinci marar gulutin idan an nema kwana 2 kafin tashi, alamarsa GFML, ka gaya wa wanda ya yankar maka tikiti. A Makka da Madina shinkafa da nama da dabino da nono suna ko'ina. Ka kiyayi burodinsu, da sambusa, da harisa da jarish, waɗanda da alkama ake dafa su, har da miyar shurba da akan zuba wa hatsi. Ka tafi da garin kununka da gyaɗa da soyayyen garin rogo, ka kuma sa wani mai Larabci ya rubuta maka a wayarka cewa ba ka cin alkama da sha'ir saboda rashin lafiya, ka riƙa nuna wa mai abinci.