Shin Jan Giyar Otomatik Zuwa 2 ko L Mota Na Tafiya Yana Lalata Giyabos?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata mai giyar otomatik ce, a ƙasan D akwai 3 da 2 da L. Tun da na saye ta ban taɓa sa su ba, domin an ce mini duk wanda ya ja giya zuwa can mota na tafiya, to ya fara tanadin kuɗin sabon giyabos. Kwanan baya na sauko wata doguwar gangara da kaya, kafin in kai ƙasa birki ya fara wari, kuma ya yi laushi a ƙafata. Wani ya ce da na sa 2 da hakan bai faru ba. Maganar wa zan ɗauka, kuma yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ɗauki maganar mutum na biyu. Waɗanda suka ƙera motar don a yi amfani da waɗannan giyoyi suka sa su, kuma mota na tafiya ake sa su. Abin da ke jawo ɓarna shi ne sa su a gudun da ya fi ƙarfinsu.

A D, mota ce ke zaɓar giya da kanta daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Idan ka ja zuwa 3, ka yi mata iyaka ke nan, za ta canja tsakanin ta ɗaya da ta uku amma ba za ta haura ba. Haka 2 yake a yawancin motoci, L kuwa ya riƙe ta a giya ta ɗaya. Idan motarka na da ɗan maɓalli mai rubutun O/D a jikin sandar giya, kashe shi yana hana ta shiga giya ta sama, wato kusan aikin 3 yake yi. Sababbin motoci da yawa sun koma M ko S mai alamar + da − don zaɓar giya da hannu, wasu motocin masu haɗa fetur da batir kuma suna da B don riƙe mota da inji a gangara.

Abin da ya same ka a gangara ba ƙaramin abu ba ne, kuma ka gode wa Allah da ya tsaya iya wari. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar guga, guga kuwa zafi yake haifarwa. Idan ka ɗora ƙafa a kansa tun daga kan tudu har ƙasa, takalman birki ba sa samun sararin hucewa, sai kamunsu ya ragu. Daga nan zafin ya isa man birki. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Selsiyas, amma wannan man yana shan damshin iska, kuma idan ya sha, ma'auninsa kan sauko zuwa wajen digiri 140. Da zarar ya tafasa sai tururi ya taru a cikin bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ya sa ka ji birkin ya yi laushi. Ina ba ka shawara ka kai a duba takalman, a kuma sauya man kafin ka sake yin doguwar tafiya.

Ƙaramar giya tana raba wa birki wannan nauyi. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin 2, tayoyi ne ke juya inji, shi kuma injin yana turjewa, sai ya riƙe motar. Za ka ji kukansa ya ƙaru, kada wannan ya tsorata ka. Kuma ba mai yake sha ba: a motocin da kwamfuta ke sarrafa fesa mai, ana yanke man gaba ɗaya a irin wannan hali.

Yadda ake yi kuwa, tun kana kan tudu, kafin mota ta ɗauki gudu, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka birki har gudun ya ragu, sannan ka ja giya mataki ɗaya. Saurari injin, ka dubi allurar da ke nuna juyinsa. Idan tana yawo tsakanin 2,500 da 4,000 a motar fetur, lafiya lau. Idan har yanzu motar na neman kufce maka, sake rage gudu da birki, ka ƙara sauko da mataki ɗaya. Kada ka tsallake daga D kai tsaye zuwa L kana gudun babbar hanya. Jan layin da ke kan agogon juyin inji shi ne iyaka, a yawancin motocin fetur yana farawa wajen 6,000, a na dizal kuwa ƙasa da haka sosai. Littafin da ke zuwa da mota yakan faɗi iyakar gudun kowace giya, ya kamata ka duba naka, domin motoci sun bambanta. Amma a dunƙule, L ta tafiyar rarrafe ce a gangara mai tsananin tsayi, 2 ta gangara mai kwana-kwana, 3 ta doguwar gangara a buɗaɗɗiyar hanya. Ko a cikinsu za ka taɓa birki, sai dai ka taka da ɗan ƙarfi, ka saki ya huce, maimakon ka kwantar da ƙafa a kai. Wannan taɓawar tana da wani amfanin, domin rage gudu da inji ba ya kunna jar fitilar baya, na bayanka ba zai san ka sassauta ba.

Motocin zamani da yawa suna ƙin karɓar giyar idan gudu ya yi yawa, wasu har su yi ƙarar gargaɗi. Kada ka dogara da wannan, musamman a tsohuwar mota. Saukowa da ƙarfi yana iya wurga inji ya wuce jan layi, yana wahalar da faifayen kuloci na cikin giyabos, kuma a hanya mai santsi yana iya sa tayoyin da ke jan mota su zame. A ruwan sama ko taɓo, sai ka fi kowane lokaci lallaɓawa, kuma kada ka sauko da giya kana tsakiyar kwana.

A hawa ma suna da rana. Idan kana ɗauke da kaya ko kana jan tirela, za ka ji mota tana shiga giyar sama tana dawowa ba ƙaƙƙautawa. Wannan kai-komo yana ɗumama man giya, zafi kuwa shi ne babban abin da ke rage wa giyar otomatik kwana. Sa ta a 3 ko 2 ta zauna wuri ɗaya har ka gama hawan, sannan ka mayar D. Komawa sama ba ta da wata matsala, kana iya yi kana tafiya. Wajen wuce wata mota kuwa ba ka bukatar taɓa sanda, taka totur sosai kawai, motar za ta sauko da giya da kanta.

Tsoron da aka ba ka yana da gurbinsa, amma a wajen R da P. Waɗannan biyun ba a shigar su sai mota ta tsaya cak. P wani ɗan ƙarfe ne ke faɗawa cikin haƙoran giya ya kulle ta, idan mota na motsi zai iya karyewa. Saboda haka idan za ka ja sanda ƙasa, ka san inda hannunka ya nufa, kuma kada ka danna maɓallin sandar sai inda ta ƙi motsi ba shi, domin shi ne ke tsare ka daga zarcewa zuwa ribas. Sannan ka guji sa mota a firi, wato N, a gangara da sunan tattalin mai. Yin haka yana raba inji da tayoyi, ya bar wa birki nauyin motar da kayanta duka, kuma injin zai ci gaba da shan mai don kada ya mutu, alhali da tana cikin giya da an yanke masa.