Dutsen Opal: Me Ya Sa Launinsa Ke Ɓacewa a Ruwa, Kuma Ina Zancen Rashin Sa'a Ya Samo Asali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da zobba da sarƙoƙin azurfa. An kawo mini wasu masu dutsen opal, aka ce daga Habasha suke. Wata ta sayi zobe, sai ga ta ta dawo da shi wai jabu ne, domin da ta yi wanke-wanke launukan sun ɓace, dutsen ya koma garau kamar gilashi. Wata kuma ta ce Turawa na cewa dutsen rashin sa'a ne. Don Allah a yi mini bayanin asalinsa da ire-irensa, da yadda ake gane na gaske. Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da zoben nan ya yi ba alamar jabu ba ce. Hasali ma halin yawancin opal ɗin Habasha ke nan, kuma gilashi ko roba ba sa yin haka. Ki ajiye shi a inuwa cikin ɗaki, kada ki shanya shi a rana ko ki kai shi kusa da wuta. Zai fara yin fari-fari kamar madara, sannan launukan su dawo. Wani dutsen sa'o'i kaɗan sun ishe shi, wani sai ya kwana biyu, mai kauri yakan kai mako.

Dalilin yana cikin yadda dutsen yake. Opal silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, amma haɗe da ruwa, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. Ja da kore da shuɗin da kike gani suna yawo idan kin juya shi, babu ko ɗaya da yake rini ne a jikin dutsen. A shekarun 1960 masana a Ostireliya suka duba shi da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki, suka tarar ƙananan ƙwallayen silika ne jere reras, sahu bisa sahu, yadda mai lemo ke jera lemonsa a faranti. Haske na ratsa tsakaninsu sai ya rarrabu launi-launi. Ƙananan ƙwallaye suna ba da shuɗi, manya suna ba da ja. Manyan sun fi wuyar samuwa, shi ya sa dutse mai jan wuta ya fi mai shuɗi zalla tsada. Idan kuwa ƙwallayen ba su jeru daidai ba, babu wasan launi ko kaɗan, kuma irin wannan ne ya fi yawa a ramukan haƙa.

Na Habasha sabon shiga ne a kasuwa. An fara samunsa a yankin Shewa a 1994, amma wancan yana yawan tsagewa. Wanda ya cika kasuwa yanzu shi ne na Wollo, kusa da garin Wegel Tena, da aka gano a 2008. Jikinsa na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, shi ya sa yake shan ruwa. Ruwan na cike gurbin da ke tsakanin ƙwallayen, sai launi ya dushe ko ya ɓace har sai ya bushe. Za ki iya gwadawa ba tare da kin tsoma shi ba: ki ɗan jiƙa kan yatsanki ki taɓa shi, za ki ji yana ɗan kama fata.

Ruwa mai tsabta ba shi ne babbar matsalar ba. Dutsen da ke shan ruwa yana shan duk abin da ya taɓa shi: turare, humra, man shafawa, man gyaɗa, ruwan sabulu, lalle. Ruwa yana fita, amma mai ba ya fita da sauƙi, sai dutsen ya yi ɗorawa-ɗorawa ya dushe, wani lokacin har abada. Don haka mai irin wannan zobe ta cire shi kafin alwala da girki da wanka, kuma sai ta gama shafa da fesa turare sannan ta sa shi. Gaskiya wannan dutse ya fi dacewa da sarƙa ko 'yan kunne a kan zoben da za a riƙa sawa kullum.

Na Ostireliya halinsa daban ne, ba ya shan ruwa, kuma can ne tushen mafi tsadar opal a duniya. Baƙin opal na Lightning Ridge, wanda aka fara haƙa a farkon shekarun 1900, shi ne kan gaba. Duhun jikinsa ne ke sa launukan su fito ƙarara. Masu sana'ar suna auna duhun da ma'auni daga N1 zuwa N9: N1 zuwa N4 baƙi, N5 da N6 mai duhu, N7 zuwa N9 mai haske. Farin opal ya fi fitowa daga Coober Pedy, inda aka gano shi a 1915, garin da zafi ya sa mutane da yawa suka haƙa gidajensu a ƙarƙashin ƙasa. A can aka haƙo wani ƙaton opal da ake kira Olympic Australis a 1956, mai nauyin karat 17,000, wato kusan kilo uku da rabi, tun da karat biyar ne giram ɗaya. A jihar Queensland kuma opal yana zuwa ne sirara-sirara cikin wani dutse mai ƙarfe, ruwan ƙasa, sai a yanke su tare domin ba sa rabuwa. Meziko, musamman Querétaro, ita ke da wanda ake kira opal ɗin wuta, ruwan lemo ko ja, wanda sau da yawa ba shi da wasan launi sam. Peru na da shuɗi da ruwan hoda marasa walƙiya.

Wajen ganewa, ki nemi gilashin ƙara girma mai ninki goma, ki duba dutsen ta gefe, ba ta sama kaɗai ba. Akwai mai hawa biyu: siririn yankin opal na gaske da aka manna a kan baƙin dutse. Akwai mai hawa uku, wanda aka ƙara wa murfin gilashi ko na wani dutse garau a sama. Ta gefe za ki ga layin manne miƙe sambal. Ba jabu ba ne idan an faɗa wa mai saye, amma kuɗinsu bai kai na cikakken dutse ba ko kusa, kuma idan ruwa ya daɗe yana shiga mannen sai su yi hazo ko su ɓalle. Idan an rufe bayan dutsen da gefensa gaba ɗaya da azurfa, ki ƙara bincike. Akwai kuma na masana'anta, wanda Pierre Gilson ya fitar a Faransa a 1974. Launinsa ya cika tsari, da gilashi za ki ga zane irin na fatar ƙadangare, ta gefe kuma launin yana saukowa a tsaye kamar ginshiƙai. Abin da ake sayarwa da sunan opalite gilashi ne kawai. Sannan idan aka kawo miki baƙin opal na Habasha da araha, ki ɗauka an turara shi da hayaƙi ne ko an rina shi, domin ƙofofin nan suna karɓar baƙi kamar yadda suke karɓar ruwa.

Zancen rashin sa'a kuwa camfi ne, kuma ba shi da wani dogon tarihi. A da, akasin haka aka ɗauke shi. Pliny, marubucin Rumawa na ƙarni na ɗaya, ya yabe shi da cewa ya tara launukan sauran duwatsu a jiki guda, ya kuma ba da labarin wani ɗan majalisa mai suna Nonius da ya zaɓi gudun hijira a kan ya miƙa wa Mark Antony, ɗaya daga cikin shugabannin Rumawa, zobensa na opal. Ƙarnoni da dama Turai ta dogara ne da ramukan Dubník, a ƙasar Silobakiya ta yau, waɗanda aka rufe a 1922 bayan na Ostireliya ya mamaye kasuwa. Turawan tsakiyar zamani sun yi imani yana gyara gani, har ana cewa wanda ya naɗe shi a ganye ya riƙe zai ɓace wa idon mutane, abin da ya sa aka laƙaba masa sunan majiɓincin ɓarayi. 'Yan asalin Ostireliya su kuma suna da labaran da ke danganta shi da bakan gizo da ya taɓa ƙasa.

Abin da aka fi ɗora wa alhakin ɓata masa suna shi ne littafin ƙagaggen labari na Walter Scott, Anne of Geierstein, na 1829. A ciki akwai wata mata mai opal a gashinta, ɗigon ruwan coci ya faɗa a kai, hasken dutsen ya mutu, daga baya aka tarar da toka a inda aka kwantar da ita. Masu karatu suka riƙe wannan. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ba ta kula ba, ta ci gaba da sa shi tana kuma bai wa 'ya'yanta mata.

A ganina raunin dutsen ya taimaka wa camfin fiye da littafin. A ma'aunin tauri na Mohs opal yana tsakanin 5.5 da 6.5, lu'ulu'un daimon yana 10, yashin da ke cikin ƙura kuma yana 7. Ke nan ƙurar hunturu kanta tana iya karce shi idan aka goge shi a bushe da ƙarfi, don haka a fara hure ƙurar, sannan a shafa da tattausan ƙyalle. Zafi na farat ɗaya yana tsaga shi, shi ya sa idan za a rage ko ƙara girman zobe, dole maƙeri ya cire dutsen kafin ya kai wuta. Kada a ajiye shi a mota cikin rana, kada kuma a zuba shi jaka ɗaya da sauran duwatsu. Shawarar da wasu ke bayarwa ta a shafa masa mai don kada ya tsage, ba ta hana komai, kuma ga na Habasha ɓarna ce.

Kafin ki sake saro wasu, Hajiya, ki tambayi mai kawo miki ƙasar da dutsen ya fito, ko cikakke ne ko mai hawa, da ko an turara shi ko an rina. Ki haska kowanne da tocila ta baya, domin tsaga tana fitowa kamar siririn zare, kuma dutsen da ya fara tsagewa ba ya gyaruwa.