Hukuncin Sakin da Miji Ya Furta Yana Cikin Maye

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a nan cikin garin Bauchi, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai kaya Kudu. Da can ko taba ba ya sha, amma 'yan shekarun nan ya faɗa shan giya, irin ta leda da ƙananan kwalabe da ake sayarwa a tasha. Ya ce wai maganin gajiya ne da ciwon baya. Daren Juma'ar da ta wuce ya dawo a buge, na yi masa maganar cefane da kuɗin makarantar yara, sai ya kira sunana ya ce, "Na sake ki saki ɗaya, gobe ki tafi gidanku." Ƙaninsa da wani maƙwabcinmu suna zaure, duk sun ji. Da gari ya waye ya rantse bai san ya faɗa ba, har da kuka. Surukata ta ce maganar mashayi ba magana ba ce, in rufa asiri in zauna. Bai taɓa sakina ba sai wannan karon. Malam, na saku ko ban saku ba? Ya halatta in ci gaba da zama da shi alhali wani lokaci yana kai mini hannu? Kuma idan na ɗebi kuɗi a aljihunsa don abincin yara, sata na yi?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah ya yaye miki wannan damuwa. Zan fara da abin da ya fi gaggawa, domin aure ba a zamansa a kan kokwanto. Bisa yadda kika bayyana, kin saku. Saki ɗaya ne, na kome, kuma iddarki ta fara tun daren da ya furta.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an tambayi Sa'idu ɗan Musayyib da Sulaimanu ɗan Yasar, biyu daga manyan malaman Madina, game da sakin wanda yake cikin maye. Suka ce idan ya yi saki ya tabbata, idan ya yi kisa a kashe shi. Malik ya ce a kan haka al'amarin yake a wurinmu. Wannan shi ne mashahurin zance a mazhabar da kotunan Shari'armu suke hukunci da ita, kuma Hanafawa da Shafi'awa ma a kansa suke. Dalilinsu shi ne, mutumin nan da hannunsa ya ɗauki abin da Allah ya haramta ya kai bakinsa, yana sane da abin da zai biyo baya. Saɓo ba ya jawo wa mai shi rangwame. Shi ya sa suka bambanta shi da wanda aka yi wa allurar barci a asibiti, ko wanda aka zuba wa wani abu a lemo bai sani ba. Waɗannan idan sun yi saki cikin gushewar hankali, ba a ƙirga shi.

Akwai wani zancen, kuma ba zan ɓoye miki shi ba, domin masu shi manya ne. Imamul Bukhari ya ambato daga Sayyidina Usmanu ɗan Affan cewa mahaukaci da mai maye ba su da saki, ya ambato makamancinsa daga Ibnu Abbas. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun rinjayar da haka. Sun kafa hujja da aya ta 43 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya ce kada a kusanci salla ana cikin maye "har sai kun san abin da kuke faɗa". Suka ce wanda bai san abin da yake faɗa ba, ta yaya za a ɗora masa hukuncin furucinsa? Sun kuma kawo ƙissar Ma'izu, wanda ya zo yana iƙirarin laifi a kansa, Annabi (SAW) ya tambaya ko ya sha giya, har wani ya tashi ya shinshini bakinsa.

To amma wane mai maye suke nufi? Wanda hankalinsa ya tafi gaba ɗaya. Ko a cikin Malikawa, Albaji da Ibnu Rushdi sun ce wanda ya kai matsayin da ba ya bambance sama da ƙasa, ba ya bambance namiji da mace, hukuncinsa na mahaukaci ne. Yanzu ki sake duban maganar mijinki. Ya gane ki, ya kira sunanki, ya faɗi adadin sakin, ya faɗi ranar da za ki tafi da inda za ki. Mai wannan magana bai rasa bambancewa ba. Don haka ko da zancen masu sauƙaƙawa aka ɗauka, da wuya ya fitar da shi.

Rantsuwar da ya yi da safe kuwa, ban ƙaryata shi ba. Likitoci sun san wannan hali: idan barasa ta yi yawa a jini cikin ɗan lokaci, takan hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ke faruwa. Mutum zai yi tafiya, ya yi ciniki, ya amsa magana daidai, washegari ko kaɗan ba ya tunawa. Yana iya zama mai gaskiya cewa ya manta. Sai dai shari'a tana duban halinsa a lokacin furuci, kuma ga mutum biyu sun ji da kunnensu.

Abin da ya rage muku shi ne kome. Iddarki tsarki uku ne idan kina ganin al'ada, ko haihuwa idan kina da ciki. A ɗakinki za ki yi ta, kamar yadda farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya yi umarni, ci da sha da tufafinki suna wuyansa. Al'adar nan tamu ta mace ta ɗaure kaya a daren saki ta nufi gidan iyayenta ba ta da tushe, sai fa idan tana tsoron cutarwa a jikinta. Yana da ikon mayar da ke kafin idda ta ƙare, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. Amma a mazhabar Malik kome yana buƙatar niyya. Idan kuka ci gaba da kwana ɗaki ɗaya kamar ba abin da ya faru, wannan bai zama ya mayar da ke ba. Ya faɗa da bakinsa cewa ya mayar da ke yana cikin hankalinsa, a kira mutum biyu su shaida, kuma kina da damar ki hana shi kanki har sai an kafa shaidun. Idan sakin ya same ki ne cikin al'ada, ya auku duk da haka, sai dai a nan tilasta masa ake yi ya mayar da ke.

Ina roƙonki ki rubuta ranar a takarda, shi da shaidun su sa hannu. Mun sha ganin baiwar Allah ta zo da goyo a baya, ta durƙusa a bakin zaure, a tambaye ta sau nawa ya furta, ta fara lissafi da yatsu: na bikin ƙanwarsa, na bayan Babbar Salla, na ranar da ya fasa kwanuka. Ita ba ta da tabbas, shi ba ya tuna ko ɗaya, an yi haihuwa biyu a tsakani. Wannan shi ne abin da "a rufa asiri" yake haifarwa a gidan mashayi. Na san surukarki tausayin ɗanta da jikokinta ne ya sa ta faɗi haka, Allah ya saka mata, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da a ce wannan ne na uku, ba zan amsa miki a rubuce ba, sai in ce ku je gaban alƙali ya ji ta bakin kowa. Igiya biyu ta rage muku.

Zama da shi bai haramta ba. Shan giya babban zunubi ne, amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci matuƙar bai ce halal ba ce, kuma zunubinsa ba ya hawa kanki. Abin da ba ya halatta gare ki shi ne ki sayo masa, ko ki miƙa masa, ko ki aiki yaro ya karɓo, domin hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Sai dai halaccin zama daban, wajabcinsa daban. Ba wanda ya isa ya ce miki haƙuri da duka ibada ce ta dole. Allah ya ce a aya ta 231 ta Suratul Baƙara kada a riƙe mata don cutarwa, kuma Shaihu Halil ya faɗa a Mukhtasar cewa mace tana da haƙƙin a raba aurenta saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su tabbatar da maimaituwarta ba. Duk daren da ya shigo a buge, kada ki tsaya yi masa maganar cefane ko wata muhawara. Ki kwashe yara ki shiga wurin surukarki ko maƙwabta. Idan ya ji miki ciwo, ki je asibiti a rubuta, ki sanar da waliyyinki, kuma ƙofar kotun Shari'a a buɗe take.

Kuɗin da kike ɗiba ba sata ba ne. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar Abu Sufyan cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta, Annabi (SAW) ya ce ta ɗebi abin da zai wadace ta da 'ya'yanta gwargwadon abin da aka saba. Ki tsaya a iya buƙata. In da hali, ƙaninsa ya zaunar da shi a yi yarjejeniya ya riƙa miƙa kuɗin abinci tun ranar da aka biya shi, kafin ya bi ta tasha.

Saura maganar shi kansa, kuma ina so a karanta masa ita yana cikin hankalinsa.

Ɗan'uwa, abin da kake kira maganin gajiya, Ɗariƙu ɗan Suwaidu ya riga ka faɗa. Ya ce wa Annabi (SAW) don magani yake haɗa giya, aka amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Sunan da aka lanƙaya wa kwalba bai canza komai ba, ko an jiƙa saiwa a ciki, domin duk abin da ke sa maye giya ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haram ne. 'Yar ledar nan da kake rainawa ta fi giyar kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta kwalba ba ta cika wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari na barasa ba, ta leda takan kai kashi 30 zuwa 40. Arharta da sauƙin ɓoye ta a aljihu suna cikin abin da ya sa hukumar NAFDAC ta sanar da haramta sarrafa giya a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba a 2024. Hanta ce take fara ɗaukar wahalar: kitse ya taru, ta kumbura, ta ƙanƙance, sai ciki ya cika da ruwa, ido ya yi rawaya, a fara aman jini. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu, nasa ya fi sauri. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, kuma cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa kurɓar ta ba, wani ne ya sha ya bi ta kansu. Kai da kake jan tirela a hanyar Jos da dare, wannan maganar taka ce. Haramun ne ka riƙe sitiyari da ko kurɓi ɗaya a cikinka, kuma ran da ya salwanta a hannunka za a tambaye ka.

Kada kuma Shaiɗan ya shigo maka ta ƙofar hadisin da ya ce ba a karɓar sallar mashayi kwana arba'in, ka ce to me ya rage. Malamai sun ce ladan ne ake hana shi, wajabcin yana nan daram, kuma a cikin hadisin an ce idan ya tuba Allah zai karɓi tubarsa. Barin salla ya fi shan giyar muni.

Ku kuma dangi, ku daina tsine masa. An sha kawo wani sahabi ana yi masa bulala a kan giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. A wani hadisin na Bukhari ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Haddin giya, bulala tamanin a mazhabarmu, aikin alƙali ne, ba na yayye ko matasan unguwa ba.

Akwai abu ɗaya da masu wa'azi suke yawan tsallakewa, kuma yana iya cin rai. Tuba wajibi ce yau ɗin nan, babu jinkiri. Amma wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, jikinsa ya saba, idan ya yanke lokaci ɗaya yakan fara karkarwar hannu da gumi da rashin barci cikin yini guda. Wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na uku su ruɗe, suna ganin abin da babu. Mutanenmu sai su ce aljanu ne, a kulle shi a ɗaki ana hayaƙi, alhali wannan hali yana kisa idan ba a kai asibiti ba. Don haka ranar da ya ƙudurta bari, ranar za a kai shi wurin likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin gari, a nemi ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha da yawansa, a duba hantarsa, a ba shi maganin da zai sauko da jikinsa lafiya. Ya ajiye tuƙi har likita ya sallame shi, ya canza abokan zama a tasha, ƙaninsa ya riƙa binsa masallaci. Idan ya zame ya koma, a sake ɗaga shi, ya sake tuba.

Ke kuma 'yar'uwa, ki sa waliyyinki ya nemi wannan zuwa asibitin a zaman da za a yi na kome, a gaban shaidu, a sa rana.

Allah ne mafi sani.