Filin Kawu: Da gaske ne Hakeem ma an taɓa ci ta bayansa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ɗanka ne daga Shara Mansur a nan Makka, shekarata 19, a nan aka haife ni. Ƙwallon kwando nake yi, kuma da yake na fi kowa tsawo a unguwarmu, ni ake ajiyewa ƙarƙashin kwando. A azumin da ya wuce mun kai wasan ƙarshe na gasar da ake yi bayan asham. Muna kunnen doki, saura daƙiƙa uku, wani daga cikinsu ya yi jifa daga nesa, ƙwallon ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Na tsaya ina kallonta, ashe yaron da nake tsaro ya zagaya ta bayana, ya cafe ya zura. Tun daga ranar ban sake taka filin ba. Baffana ya ce in daina damuwa, wai Hakeem Olajuwon ma haka aka yi masa yana jami'a. Abokina kuma ya ce ba haka ba ne, ai Hakeem aka ba gwarzon gasar 1983, ta yaya za a ba wanda aka cinye? Ya ƙara da cewa ma yana azumi ya buga. Don Allah Kawu, wa ya fi gaskiya?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Baffanka ya faɗa maka gaskiya, abokinka kuma ya kama rabinta. An ba Hakeem gwarzon gasar jami'o'in Amurka a 1983, kuma ƙungiyarsa ta Jami'ar Hustan ce aka cinye a wasan ƙarshe, 54 da 52. Tun daga shekarar ba a sake ba ɗan ƙungiyar da ta sha kashi wannan kyauta ba. Batun azumi kuwa babu shi. An buga wasan ranar 4 ga Afrilu, Ramadan na shekarar kuma sai a watan Yuni ya kama. Azumin da abokinka ya ji labari na baya ne, lokacin da Hakeem ke NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka. A Fabrairun 1995, watan ya dace da Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata alhali yana azumi.

Amma ba don raba gardama kaɗai ka rubuto ba, don haka ka gyara zama.

Ni ban ga wasan nan a ranarsa ba. Bayan na zo Jidda aiki, akwai 'yan Filifin da muke bugawa tare ranar Juma'a da la'asar, a wani filin siminti bayan masaukin ma'aikata. Ɗaya daga cikinsu yana da tarin kasakasan bidiyo a kwali ƙarƙashin gadonsa. Da ya ji ni ɗan Najeriya ne, ya ce akwai ɗan ƙasarku da ya kamata ka gani. Muka zauna a ƙasa mu shida, fanka na kaɗawa, hoton yana rawa. Ban san yadda aka tashi ba, shi kuma ya ƙi faɗa mini. Da aka zura ƙwallon ƙarshe, shayin da ke hannuna ya riga ya huce ban kurɓa ba.

Kafin ka gane zafin wannan dare, sai ka san irin ƙungiyar da aka kayar. A kakar 1982 zuwa 1983, Hustan ta yi wasa 34, ta ci 31. Sau biyu aka doke ta a watan Disamba, na biyun a Tokiyo a hannun Jami'ar Virginia, daga nan ta jera nasara 26 ba tuntuɓe. Kocinsu Guy Lewis, dattijo mai riƙe da tawul ja da fari a gefen fili, ya yarda cewa babu jifan da ya fi tabbas kamar mutum ya tashi sama ya danƙara ƙwallo cikin kwando da hannunsa. Don haka ya sakar wa yaransa mara. Gudu suke yi kamar an koro su, Clyde Drexler a gaba, ga Michael Young, ga Larry Micheaux, ga Benny Anders da ke tasowa daga benci. Wani ɗan jarida a garin Hustan ya laƙaba musu Phi Slama Jama, sunan ya bi su har yau.

A tsakiyarsu kuma ga yaron Legas ɗan shekara 20. A lokacin Akeem ake rubuta sunansa, sai a 1991 ya gyara shi ya koma Hakeem. Gola ne a ƙwallon ƙafa, ya kuma yi ƙwallon hannu, sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara ta kwando. Ya isa Hustan a 1980, shekarar farko ko wasa ɗaya bai buga wa jami'ar ba, ta biyu yana shiga yana fita. Lokacin hutu ya riƙa zuwa wani zauren wasa a garin yana gwabzawa da Moses Malone, ƙaton da ya riga ya yi suna a NBA. Can ya sha gwiwar hannu har ƙashinsa ya yi ƙwari. Ƙafafun nan nasa masu sauri da duniya ta zo tana mamaki, na gola ne.

Gasar ta sili ɗaya ƙwale ce, jami'o'i 52. Huɗun ƙarshe suka haɗu a garin Albuquerque. A wasan kusa da na ƙarshe Hustan ta kara da Louisville, su ma 'yan tashi sama, ta ci su 94 da 81, ta danƙara fiye da goma. Hakeem ya ci maki 21, ya cafe ƙwallo 22 daga allo, wato waɗanda aka jefa ba su shiga ba. Kowa ya ce ai an gama, wasan Litinin cika sharaɗi ne kawai. Abokan karawar, Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, an riga an doke su sau 10 a kakar, da ƙyar da jiɓin goshi suke tsallake kowane zagaye.

To ga inda gizo ke saƙar. Kai ɗan Makka ne, ka san yadda numfashi ke yi in ka hau Ɗa'if ta hanyar Hada ka ce za ka yi gudu. Hustan gari ne na kusa da teku, mai gumi, kamar Jidda. Albuquerque kuwa tana kan tudu wajen mita 1,600, tsayinta ya kusa na Ɗa'if. A kaset ɗin nan na ga Hakeem zaune a benci an ɗora masa abin shaƙar iska a fuska, ƙirjinsa na hawa da sauka. Wannan ɗaya.

Na biyu, Drexler ya yi laifi huɗu tun kafin hutun rabin lokaci, a wasan da na biyar ke fitar da mutum. Ya ƙare da maki 4 kacal. Aka tafi hutu Karolina na gaba, 33 da 25. Da aka dawo Hustan ta farka, ta ci 17 su kuma 2, ta wuce gaba 42 da 35. A nan ne Guy Lewis ya ce a ja birki, a baje a fili, a riƙa cin lokaci. A wancan zamani gasar ba ta da agogon da ke tilasta jifa, kana iya riƙe ƙwallo iya son ranka. Na fahimci dalilinsa, yaransa sun gaji, babbansu yana neman iska. Duk da haka a ganina kuskure ne. Ƙungiyar da ta shekara tana gudu, ka ce mata ta yi tafiyar hawainiya a minti goman ƙarshe na rayuwarta, ka raba ta da abin da ta iya.

Na uku shi ne wanda nake so ka riƙe. Kocin Karolina, Jim Valvano, ya san lagonsu. 'Yan Hustan ba su iya jifan kyauta ba, wato wanda ake ba ka a layi in an yi maka laifi, ba mai tsaronka, ba mai taɓa ka. A duk kakar kusan shida cikin goma suke ci. Sai ya sa yaransa su riƙa yi musu laifi da gangan. A daren nan Hustan ta samu jifa 19, ta ci 10. Tara ta zubar, a wasan da aka rasa da maki biyu. Saura minti ɗaya da daƙiƙa biyar, ana 52 da 52, aka yi wa Alvin Franklin laifi, yaro ɗan shekarar farko. Dokar ita ce in ka ci na farko a ba ka na biyu. Ya ɓarar da na farkon, ƙwallo ta koma hannun Karolina.

Sauran kuma kamar kai ka rubuta shi. Suka riƙe ƙwallo suna jiran jifan ƙarshe. Lokaci na ƙurewa aka miƙa wa Dereck Whittenburg, Benny Anders ya kai hannu saura ƙiris ya ƙwace, da ya ƙwace babu kowa tsakaninsa da kwando. Whittenburg ya juya ya wurga daga wajen mita tara. Ƙwallon ta gaza. Hakeem ya riga ya ɗan matso gaba ya bar gindin kwando, ya tsaya yana kallonta a sama. Lorenzo Charles yana bayansa, ya tashi ya cafe da hannu biyu ya danƙara, ƙaho ya busa. Valvano ya shiga fili a guje yana neman wanda zai runguma. Hakeem ya zube a ƙasa. Ya ci maki 20, ya cafe 18 daga allo, babu wanda ya kai shi aiki a daren, amma hoton da ya rage shi ne na mutumin da aka ci ta bayansa. Ƙungiyar da aka sani da danƙarawa, sau ɗaya tak ta danƙara a wasan, kuma da danƙarawa aka kashe ta.

Yanzu na dawo kanka. Ba zan ce maka ba ka yi kuskure ba, don ka yi, Hakeem ma ya yi. Mai tsaron gindin kwando, da zarar ƙwallo ta bar hannun mai jifa, ba sama zai fara kallo ba. Mutuminsa zai nema, ya ɗora masa baya, ya buɗe hannuwa, ya ji shi a jikinsa, sannan ya ɗaga kai. Jifan da ya gaza ya fi wanda ya daki ƙarfe haɗari, domin kowa ya daskare yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Wannan abu ne da ake koya cikin mako biyu in akwai mai tura ka.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɗauki wasan gaba ɗaya ka ɗora wa kanka. A wasiƙarka ba ka faɗa mini jifan kyauta nawa kuka ɓarar ba, ba ka faɗa mini sau nawa aka ƙwace muku ƙwallo a tsakiyar fili ba, ko wa ya bar mai jifan nan ya samu sarari. Me ya sa kuka kai daƙiƙa ukun ƙarshe kuna kunnen doki? Na san halin yaranmu, daga Shara Mansur har Karantina ta Jidda. In aka zo fili kowa bayan layin maki uku yake tsayawa, ko ya yi ta ƙoƙarin taɓo ƙarfe. Layin jifan kyauta ba mai zuwa, don ba a tafa wa mutum a can. Na sha tsayawa gefen fili ina ƙirgawa a zuci, ƙungiya ta zubar da takwas ko goma, a tashi da bambancin maki ɗaya, sannan a bi yaro ɗaya da zargi har ƙofar gidansu. Abin yana ci mini rai, domin yawanci dogon nan mai kunya ake samu, shi kuma sai ya bar wasan.

Hakeem bai bari ba, ko da yake hanyar ba ta yi masa sauƙi ba. Shekarar da ta biyo, Drexler ya tafi, Hakeem ya sake kai Hustan wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Ya bar jami'a ba kofi. Jami'ar ma sai a 2025 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Florida ta cinye ta 65 da 63. Hakeem kuwa a 1984 aka ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, Michael Jordan na uku. Sai da ya shekara goma kafin ya ɗaga kofi, a 1994, kuma Ewing ɗin nan ya kayar. A 1995 ya maimaita, Drexler na gefensa. Shekara 12 tsakanin daren Albuquerque da ranar da su biyun suka riƙe kofi tare.

Ga abin da nake so ka yi. Ka koma fili wannan makon, ko da bayan isha ne lokacin da ba kowa. Ka yi gudu daga kwando zuwa kwando sau goma, sannan ka tsaya a layi kana haki ka yi jifa goma. Ka maimaita har ka cika hamsin, ka rubuta abin da ka ci a bayan wani littafi. Kada ka yi jifan kana hutacce, don ba a hutacce za a ba ka shi a wasa ba. Ka nemo abokin nan naka mai gardama, ka sa shi ya riƙa zagayawa ta bayanka wani na jifa, kai kuma kana tare shi da ƙugu. Wasan na 1983 yana nan a YouTube, ku kalle shi daga farko, kada ku tsallaka zuwa ƙarshe, ku ƙirga jifan kyautar da hannunku.

Ka gaishe mini da Baffa. In Allah ya kai mu wata mai kamawa zan shigo Makka umara, ka aiko wa mujalla adadin jifan da ka rubuta a bayan littafin kafin nan.