Me ya sa dabbar teku ke mutuwa a cikin raga?

Malam, ka tambaya daga Yauri yadda za a ce dabbar da ta tashi cikin ruwa ta nutse don raga ta kama ta, wato ƙaramar 'yar uwar dolfin (wata dabbar teku mai siffar kifi) da masana ke kira Phocoena phocoena. Amsar ita ce ba kifi ba ce. Huhu gare ta, tana shaƙar iska ta wata kafa a saman kanta, tana kuma shayar da ɗanta nono. Nitsonta bai cika wuce 'yan mintuna ba, dole ta taso. In zaren raga ya harɗe mata fiffike ko wutsiya a ƙasa, shi ke nan.

Wanda ya zauna da masunta a bakin Neja ya san haka ayu yake, in ragar da aka dasa ta kwana da shi, sai dai a tarar da gawa da safe. Abin da ya fi damuna da dabbar tekun da ka tambaya shi ne jinkirin haihuwarta: ciki na wata 10 zuwa 11, ɗa guda tak. Shi ya sa waɗanda ke tsakiyar tekun Baltik na arewacin Turai, da bincike ya ƙiyasta ba su fi kimanin 500 ba, kowace mace ɗaya da ta halaka babbar asara ce. Masu bincike suna ɗaura wa raga wata 'yar na'ura mai ƙara don ta kori dabbobin, kuma tana rage ɓarna, amma sai an jera ta tsawon ragar ana duba batirinta.