Ayyuka sun cika mini waya, ko in sayi manhaja ta kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon taki da maganin feshi a wani ƙauye kusa da Gumel, ga gonar gero da riɗi. Na sauke Todoist ina rubuta ayyukana, yanzu sun haura 30. Kullum sai na kammala biyar ko shida, amma manyan suna nan ba sa motsi. In na biya kuɗin wata-wata, za ta tsara mini su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka, ɗan'uwa, ka ƙara a jari. Wadda ke hannunka ta kyauta tana da tutoci huɗu da ake sa wa aiki don nuna muhimmancinsa: ja, ruwan goro, shuɗi, da marar launi. Sun ishe ka. Manhaja ba ta san an yi ruwa a garinku daren jiya ba, kai ne ka sani.

Na gane abin da ke faruwa. Da safe ka buɗe waya, ka ga "sayo kati", "share shago", "kira dillali", ka yi su nan da nan, ranka ya yi fari. Shi kuwa "zuba wa gero taki" yana can ƙasa, don sai an nemi 'yan ƙwadago, an ɗora buhu a babur, an wuni a rana.

Kowane aiki ka yi masa tambaya biyu. Ta farko: in ya kwana uku ban yi ba, me zan rasa? Taki na son danshi. Ƙasa ta bushe, ka yi asara. Ragon da za ka kai kasuwar Maigatari kuwa, in Alhamis ta wuce sai wani makon, kana ta ciyarwa. Irin waɗannan su ne na jar tuta. Fentin ƙofar shago ko bayan kaka aka yi babu wanda zai yi kuka, bar shi ba launi. Kada jajayen su wuce uku a rana, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ta biyu: me zai ci mini? A nan mutane ke kuskure, suna ƙirga lokaci kawai. A karkara wahalar aiki ta haɗa da man babur, kuɗin leburori, da jiran wanda ba ya ɗaukar waya. Rubuta ta a jikin sunan aikin: "Taki, wuni guda, mutum uku". Mai muhimmanci kuma marar wahala, kamar kiran dillali ka ji farashin riɗi, gama da shi kafin kumallo. Mai muhimmanci mai wahala, sai ka daddatsa shi: yau a yi magana da 'yan ƙwadago, gobe bayan asuba a kai buhu gona. Wanda ba shi da muhimmanci kuma ga wahala, goge shi, ko ka ba ƙaninka.

In tutocin sun ɗaure maka kai, Google Tasks da Microsoft To Do kyauta ne, tauraro kawai ake dannawa a kan aiki. Sai dai ka riƙa duba jerin da daddare, kafin ka kai wayar wurin mai caji.